Kafin Ka Sayi Na'urar Da Ke Magana Da Wayarka, Fara Koyon Wanke Safar Tankin Murjani

Idan kana cikin masu zagaye a TikTok ko YouTube da daddare, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. Ɗaki ne mai duhu, ga tankin gilashi yana walƙiya da shuɗiyar fitila, murjani kore da ja da ruwan hoda yana kaɗawa a hankali, ga kifin nan mai ruwan lemo da ratsin fari wanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya sa duniya ta san shi. Sai mai tankin ya ɗaga wayarsa ya nuna manhajar da yake rage hasken fitila da ita, ya ƙara ƙarfin famfo, ya duba zafin ruwa yana kwance a kan gado.

Abin da ba a cika nuna maka ba shi ne cikin kabad ɗin da tankin yake zaune a kai. A can akwai wata 'yar jakar yadi da ake kira safar tace ruwa. Ranar da aka saka ta fara ce tas. Bayan kwana uku ta koma ruwan ƙasa, tana yauƙi, tana wari. Ba ta da Wi-Fi, ba ta da manhaja, kuɗinta bai wuce 'yan daloli ba. Amma lafiyar halittun da aka kashe ɗaruruwan daloli a kansu tana rataye da yadda ake kula da ita.

Ra'ayina a wannan rubutu shi ne: duk wanda ke sha'awar tankin murjani na ruwan gishiri ya fara da wannan safar, ya koyi canza ta da wanke ta a kan lokaci, kafin ya yi tunanin sayen na'urar da za ta yi masa aikin. Wanda kuma ya san ba zai iya canza ta duk kwana uku ba, gara ya cire ta gaba ɗaya da ya bar ta tana ruɓa a cikin ruwa.

Mece ce safar, kuma me take yi?

Mu Hausawa mun san murjani a matsayin abin ado na wuya da hannu. Wancan jan murjanin na tsakiya galibinsa daga Bahar Rum ake samo shi, kuma ƙashin wata halitta ce da ta riga ta mutu. Wanda ake kiwo a tanki yana da rai. Dabba ce, ko da yake ido yana ganin kamar tsiro ne ko dutse. A cikin naman yawancin irin wannan murjani akwai wasu ƙananan gansakuka da ke zaune, suna amfani da haske suna samar masa da abinci. Shi ya sa tsabtar ruwa take da muhimmanci a gare shi ta fuska biyu: ruwa mai garau yana barin haske ya ratsa, ruwa mara datti kuma yana hana gansakukar banza ta lulluɓe shi.

Yawancin manyan tankuna suna da wani ƙaramin tanki a ƙasa, a cikin kabad. Ruwa yana malalowa daga tankin sama ta bututu zuwa na ƙasa, a tace shi, sannan famfo ya mayar da shi sama. A daidai bakin bututun nan ake rataye safar. Duk ruwan da ya sauko sai ya bi ta cikinta, ta kama kashin kifi, ragowar abinci, ɓurɓushin gansakuka da ƙurar yashi. Wanda ya taɓa ganin ana tace gasarar koko da mataci ya riga ya fahimci aikin: ruwa ya wuce, dusa ta tsaya.

Safar iri biyu ce. Akwai ta yadi mai kauri kamar bargo, akwai ta raga mai kama da gidan sauro. Ana auna ƙanƙantar kafofinta da maikron, kuma maikron 1,000 ne ke yin milimita ɗaya. Waɗanda aka fi amfani da su su ne masu maikron 100 da masu maikron 200. Don ka kwatanta, kaurin gashin mutum yana kusan maikron 70. Mai maikron 100 ta fi kama datti, amma ta fi saurin toshewa. Ta raga ta fi sauƙin wankewa, ta bargo ta fi sa ruwa ya yi garau. Bakin safar yana da zobe na roba, galibi mai faɗin inci 4 ko inci 7, don haka sai ka auna mazaunin da ke tankinka kafin ka yi oda.

Inda gizo ke saƙar

Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne ɗaukar cewa dattin da safa ta kama ya fita daga tanki. Bai fita ba. Yana nan a cikin ruwa, an dai tara shi wuri ɗaya, kuma a wurin da ruwa mai ɗumi da iska yake ta ratsa shi dare da rana. Tankin murjani ana riƙe shi ne a zafin da ya kai digiri 24 zuwa 26, wanda yanayi ne da bakteriya ke matuƙar so. Cikin kwanaki kaɗan sai su fara narkar da dattin. Ya koma amoniya, daga nan ya koma naitirait, sannan naitiret, ga kuma fosfet yana fita. Waɗannan duk narkakku ne, babu safar da za ta iya kama su. Sai su bi ruwa su koma sama.

Naitiret da fosfet taki ne. Idan suka yi yawa, gansakuka mai kama da gashi za ta rufe duwatsu, gilashi ya riƙa yin kore kullum, launin murjani ya dishe ya koma ruwan ƙasa. Fosfet mai yawa kuma yana rage wa murjani mai ƙashi saurin gina ƙashinsa. Da yawa daga masu wannan kiwo suna ƙoƙarin riƙe naitiret a ƙasa da ppm 10, fosfet kuma tsakanin 0.03 da 0.1. Safar da ta yi mako biyu ba a taɓa ta ba tana iya rusa wannan lissafin, mai tanki yana can yana zargin fitila ko gishirin da ya saya.

Akwai matsala ta biyu. Idan safa ta toshe, ruwa yana taruwa ya malale ta samanta, ya wuce ba tare da an tace shi ba. A wasu tankunan, taruwar nan tana sa ruwan ɓangaren famfo ya yi ƙasa. Idan kana da na'urar da ke ƙara ruwan daɗi da kanta don cike wanda ya tafi da tururi, sai ta ɗauka ruwa ya ragu, ta zuba ƙari. Gishirin ruwan da ya kamata ya tsaya a kusan kashi 35 cikin 1,000 sai ya ɗan sauka. A babban tanki ba za a ji ba, a ƙarami kuwa murjani zai ji. Ka ga ke nan na'ura mai wayo ta yi aikin da aka tsara mata daidai, yadin da aka manta da shi ne ya yaudare ta.

Yadda ake wanke ta ba tare da an kashe kifi ba

Ƙa'idar farko ita ce kada ka mallaki safa ɗaya. Idan tankinka mazaunin safa ɗaya gare shi, sayi shida. Kana canzawa duk kwana uku, shida za su kai ka sama da mako biyu kafin ka yi wanki sau ɗaya. Wanda yake da safa ɗaya tal dole sai ya wanke ta nan take ya mayar, kuma ranar da ya gaji ba zai yi ba.

Idan ka ciro mai datti, fara leƙa cikinta. Sau da yawa ana samun ƙaramin dodon-koɗi, ko jatan lande, ko ma ɗan kifi da ya biyo bututu. Mayar da su. Sannan ka juya safar ciki ya koma waje, ka wanke ta da ruwa mai ƙarfi har yawancin dattin ya fita, ka ajiye ta a bokiti mai murfi har sauran su taru.

Ƙa'ida ta biyu, wadda babu sassauci a cikinta: ba omo, ba sabulu, ba ruwan laushin tufafi, ba turare. Ragowar sabulun da ba zai dami fatarka ba yana iya cutar da halittun tanki, kuma zai sa na'urar kumfa ta haukace ta yi ta ambaliya. Idan da injin wanki za ka yi, fara kunna shi babu komai a ciki ya zagaya da ruwa zalla, don ya wanke ragowar omon wankin baya. Sannan ka zuba safunan, ka wanke da ruwan zafi, ka ƙara ɗauraya. Idan da hannu ne, ware bokitin da bai taɓa ganin omo ba, ka rubuta a jikinsa don kada wani a gida ya jiƙa kaya a ciki.

Don safa ta koma fara, ana amfani da bilic zalla, wanda ba a sa masa ƙamshi ko sabulu ba. Karanta jikin kwalbar kafin ka zuba. Kaɗan ya isa, kamar cikin murfin kwalba ɗaya ko biyu a bokitin ruwa, a jiƙa na 'yan sa'o'i. Bayan nan sai ɗauraya sau da yawa, sannan a shanya har ta bushe ƙarau, aƙalla kwana guda, domin bushewa tana kawar da ragowar kulorin. Shinshina ta kafin ka mayar. Muddin kana jin warin bilic, ba ta shirya ba. Wanda yake son ƙarin kwanciyar hankali yana iya jiƙa ta a ruwan da aka sa wa maganin cire kulorin irin su Seachem Prime. Wasu kuma sun fi son haidirojin faroksaid na kashi 3 da ake sayarwa a kyamis, domin shi idan ya lalace ruwa da iskar oksijin yake komawa.

Gargaɗi ɗaya don lafiyarka kai kanka: kada ka taɓa haɗa bilic da binega ko wani abu mai tsami, ko da amoniya. Iskar da ke fitowa daga haɗin guba ce. Masu tanki suna yawan amfani da binega wajen wanke famfo, don haka kwalaben biyu sukan kasance wuri ɗaya. Raba musu rana.

Sabuwar safa ma a wanke ta kafin a saka, saboda ragowar sinadaran masana'anta. Idan kuma ka ga safa tana toshewa cikin kwana ɗaya duk da wanki, ta gama aikinta, jefar da ita.

Masu cewa a yi watsi da safa

Akwai ƙwararru da yawa da ba sa amfani da safa sam, kuma tankunansu suna da kyau. Hujjarsu tana da ƙarfi, ya kamata a saurare ta. Suna cewa a teku ruwan da murjani yake zaune a ciki cike yake da ƙananan abubuwa masu yawo, kuma murjani yana cin su. Safa tana kama ƙananan ƙwarin ruwa da ake kira kofifod, waɗanda su ne abincin kifi irin mandarin, wanda sau da yawa ba ya karɓar abincin gwangwani. Suna kuma cewa tacewa fiye da kima tana iya sauke naitiret da fosfet zuwa sifili, kuma wannan ma bala'i ne: murjani ya koɗe, wata muguwar gansakuka mai yauƙi da ake kira daino ta mamaye tanki. Su sun dogara ne da duwatsu masu rai, da na'urar kumfa, da wani sashe na tankin ƙasa da ake shuka ciyawar teku don ta shanye takin.

Na yarda da su a kan tankin da ya yi shekaru, wanda mai shi ya san halinsa. Ban yarda da su a kan sabon shiga ba. Matsalar sabon shiga ba ƙarancin datti ba ce. Yana ba kifi abinci fiye da kima saboda yana jin daɗin kallonsu suna ci, yana zuba kifi da yawa da wuri, yashinsa sabo ne yana ta da ƙura. Shi safa take yi wa rana. Batun abincin murjani kuma yana da mafita mai sauƙi: cire safar na awa ɗaya ko biyu lokacin da kake ciyar da murjani, ka mayar daga baya. Idan awonka ya nuna naitiret yana neman sifili, koma mai maikron 200 ko ta raga, ko ka riƙa saka ta kwanaki kaɗan a mako.

Wurin da na tsaya tare da su ɗari bisa ɗari shi ne wannan: tankin da ba shi da safa ya fi tankin da ke da safar da aka manta da ita.

To, na'ura mai naɗi fa?

Nan ne abin ya shafi masu son kayan fasaha. Kamfanoni sun ga mutane sun tsani wankin safa, sai suka fito da matata mai naɗi. Doguwar takardar yadi ce a naɗe kamar tishu. Ruwa yana bi ta wani ɓangare nata. Idan ɓangaren ya toshe, ruwa ya ɗan taso, sai sensa ta gane, ƙaramin inji ya juya, ya janye mai dattin daga ruwa ya kawo sabon wuri. ClariSea na kamfanin D-D da ReefMat na kamfanin Red Sea suna cikin waɗanda aka fi sani. ReefMat yana haɗuwa da manhajar ReefBeat, wadda ke nuna maka yawan yadin da aka ci a rana, ta kuma sanar da kai idan naɗin ya kusa ƙarewa.

Ba zan ɓoye ba, dabara ce mai kyau. Ta magance ainihin laifin safa, domin tana fitar da dattin daga ruwa kafin ya ruɓe. Ga mutumin da ke yawan tafiya, ko mai katafaren tanki da ke cin safa huɗu a lokaci ɗaya, kuɗinta ba asara ba ne.

Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na'urar tana cin ɗaruruwan daloli, sannan naɗin yadin yana ƙarewa cikin makonni, sai ka sayi wani, haka har ranar da ka daina kiwon. Irin tsarin firinta ne da tawadarta. Ga wanda ke zaune a Amurka ko Jamus, yau ya yi oda jibi an kawo. Ga wanda ke Kano ko Abuja ko Yamai, kowane naɗi yana nufin canjin dala, kuɗin jigila da jiran makonni, kuma ranar da ya yanke na'urar ta zama ado. Safa shida kuwa za su yi watanni ana wanke su. Sannan na'urar tana buƙatar fili a tankin ƙasa, wani lokaci sai an yanke mazaunin safar kafin ta shiga. Sensarta tana buƙatar gogewa, domin idan gishiri ko gansakuka suka rufe ta, ko dai injin ya ƙi juyawa ko ya yi ta juyawa yana ɓarnar yadi. Naɗin da ya ƙare ma da hannunka za ka ciro shi, da warinsa.

Akwai kuma wani abu da na fi ba muhimmanci. Wanda ke ciro safa duk kwana uku yana buɗe kabad ɗin nan sau goma a wata. Idonsa yana faɗawa kan bututun da ya fara ɗiga, gishirin da ya taru kusa da soket, famfon da sautinsa ya canza. Launin safar ma labari ne: idan ta yi baƙi da wuri ka san abinci ya yi yawa, idan ta yi kore ka san gansakuka tana ƙaruwa, idan ta cika da yashi ka san wani famfo yana haƙa ƙasa. Manhaja tana ba ka rahoton abin da sensa ta auna kawai. Wanda ya fara da na'ura tun ranar farko yana iya yin wata guda bai leƙa ƙarƙashin tankinsa ba, yana ganin koren alama a waya yana cewa lafiya lau.

Aikin da wayarka za ta yi maka kyauta

Ba cewa nake a ajiye waya ba. Ita ce ma maganin mantuwa, kuma mantuwa ce babbar cutar safa. Buɗe kalandar wayarka ka saka tunatarwa mai maimaita kanta duk kwana uku. Duk lokacin da ka ciro safa ka ɗauki hotonta, ka ajiye a fayil ɗaya. Sau ɗaya a mako ka auna naitiret da fosfet da kayan awo irin na Salifert ko Hanna, ka rubuta sakamakon a Google Sheets tare da kwanan wata. Bayan wata biyu za ka ga da idonka ko kwana uku ya dace da tankinka, ko sai ka koma kwana biyu, ko kana iya kaiwa huɗu. Babu wani mai bidiyo da zai iya ba ka wannan amsar, domin ba tankinka yake kallo ba.

Idan ka yi wata shida a haka, ka san halin ruwanka, sannan ka ga aikin ya fi ƙarfin lokacinka, to sayi na'ura mai naɗi da hujja. A lokacin ka san abin da take maye gurbinsa, kuma ranar da ta lalace ko yadinta ya yanke, kana da safa shida a ajiye da hannun da ya san yadda ake wanke su.

Ga kuɗin da ka rage kuma, shawarata ita ce ka zuba shi inda rai yake. Tankin murjani yana iya jure safa mai datti na kwanaki, amma idan famfo ya tsaya na sa'o'i iskar ruwan tana ƙarewa, kifi su fara mutuwa. Ga duk wanda ke zaune inda wuta ke ɗaukewa, batir da inbata da za su riƙe famfo sun fi kowace matata mai manhaja muhimmanci.

Kifi da murjani ba kamar waya suke ba, wadda idan ta lalace za ka kai gyara ko ka sake wata. Halittu ne da aka ɗauko daga teku ko daga gonar kiwo aka damƙa maka amanarsu. Kafin ka danna oda, tambayi kanka ko za ka iya tsugunawa gaban kabad duk kwana uku ka ciro yadi mai wari na tsawon shekaru. Idan amsar ita ce e, bismillah. Idan kuma a'a ce, ci gaba da kallon bidiyon, babu wanda zai mutu a dalilin haka.